Dusar Ƙanƙara Mai Ƙarnin Kifi

Katumi ba ta taɓa kwance jakarta duka ba. Duk ɗakin da ta kama a Landan, kuma ta kama sun fi goma, jakar nan mai zanen ja da shuɗi da ake kira Ghana-must-go tana ƙarƙashin gado, rabinta a ɗaure, kamar mai jiran a ƙwanƙwasa a ce mota ta iso. Mutanen Zango da ke haɗuwa a bakin masallacin Whitechapel ran Juma'a har sun daina tambayarta lafiya. Tambayarsu ɗaya ce: "Yanzu kuma ina kike?"

A Zangon Kumasi aka haife ta, gidan fataken goro. Kakarta takan ce yarinyar nan ƙafar kare ta ci, kuma tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. Ta yi aure, bai kai damina uku ba ta fito, ba faɗa ba zagi, ta dai ce ɗakin ya yi mata kaɗan. Ta sayar da atamfa a Lome. Ta toya waina a Agege har shekarar 1983 da aka kori baƙi daga Najeriya, ta koma Ghana a bayan tirela, ta tarar da yunwa ta riga ta isa. Shekara na zagayowa tana Landan. Ta share ofisoshi, ta yi guga a otal, ta ɗaure kaji a leda a wani kamfani mai sanyin tsiya. Ba raggonci ba ne, don duk inda ta bari sai an yi kewar hannunta. Abin dai shi ne da ta gane kan aiki, ta san wace ƙofa ce ke ƙara, sai wani abu ya fara cin ta a tafin ƙafa. Wuri ɗaya da aka taɓa ganin ta tsaya awa shida shi ne layin ofishin shige da fice na Croydon, shi ma tana ta sauya ƙafa har na bayanta ya tambaye ta ko lafiya.

Da kaka ta 1988 ta gamu da Chundung a kasuwar Lewisham. Katumi na ɗaga wata doya tana mita da Hausa cewa wannan ko akuya a ba ta sai ta yi ƙara, sai ta ji an kwashe da dariya a bayanta. Chundung mutuniyar Jos ce, Birom, mai jiki da sanyin hali, shekararta tara tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a bayan kasuwar. Kafin su rabu ta ce ana neman hannu.

"Amma fa tsofaffi ba sa son a riƙa sauya musu fuska," in ji ta. "In kin san ba za ki zauna ba, kar ki fara."

Katumi ta ce za ta zauna, kamar yadda ta saba faɗa ko'ina.

A ɗaki na ƙarshe, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta, akwai wani dogon tsoho da ake kira Amos. Ba Bature ba ne, ba kuma Ba'indiyen da Katumi ta sani ba. Chundung ta ce daga Kanada yake, cikin mutanen asalin ƙasar, wata ƙabila da ake kira Ojibwe. Ya zo da sojojin Kanada lokacin yaƙin duniya na biyu, ya auri wata 'yar Deptford, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya tsufa. Matar ta rasu, ba su haihu ba, bai kuma taɓa komawa gida ba. Yanar ido ta rufe masa gani, haske da duhu kawai yake bambancewa. Abinci kuwa sai an yi da gaske yake buɗe baki.

Katumi ba ta iya shiru ba, ko da bango ne sai ta yi masa hira. Wata rana tana fama da shi a kan cokalin kunun alkama, ta shiga ba shi tatsuniyar Gizo da Turancinta na kasuwa, tana yi tana kwaikwayon tsamin baki. Tsoho ya buɗe baki don dariya, ta zura cokali.

"Mu ma muna da irinsa," in ji shi bayan ya haɗiye. "Ya fi naku iya shege. Amma shi ya gyara mana duniya."

"To Baba, kawo shi mu ji."

"Duba taga. Ƙasa ta yi fari?"

Ta duba. Yayyafi ne kawai irin na Landan, wanda ba ya jiƙa mutum sai ya ɓata masa rai.

"To babu labari," in ji Amos. Ya ce kakarsa, wadda ta rene shi kafin a kwashe shi zuwa makarantar da ake dukan yara in sun yi yarensu, ta gargaɗe shi. Ba a ba da labarin wannan mutum, ko sunansa ba ta yarda a kira ba, sai dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, lokacin da kwaɗi da macizai da sauran masu kunne suka yi barci. In ƙasa a buɗe take suna ji, kuma suna kai rahoto. Ya ce shekara hamsin ke nan bai ba kowa ba, don babu wanda ya tambaya.

Katumi ta yi dariya, don ta san irin wannan doka, ta kuma san maganinta. A gida ma ba a tatsuniya da rana, amma wane yaro ne wannan ya hana? Ƙulli ake yi a ce an ɗaure Gizo, a ci gaba. Ta kama bakin ɗankwalinta ta ƙulle tam, ta sa hannun tsoho ya taɓa.

"Shi ke nan, Baba, na ɗaure shi. Fara."

"Namu ba ya ɗauruwa," in ji Amos. Ya juya fuska bango.

A nan ne kuskurenta ya samo tushe. Ita a saninta duk dokar da tsofaffi suka kafa sun bar mata ƙofar baya, sai dai in ba ka nema ba. Kuma da a ce ya ba ta labarin nan a ranar, da ta ji ta manta, da kafin Kirsimeti ta ɗauki jaka. Hana ta da ya yi shi ya kama ta. Disamba ta wuce, Janairu ta wuce, sanyin bana ya zama na wasa, har furanni suka ruɗe suka fito a lambun gaban gidan. Kullum da safe kafin ta yi alwala sai ta ɗaga labule. Ga kuma wanta Gariba da ya buɗe shago a Hamburg yana ta aiko da takarda ta zo ta kama masa.

"Ki je library mana," in ji Chundung. "Turawa ba abin da ba su rubuta ba."

"Labari cikin takarda? Wannan ai gawa ne. Ni na bakin kakarshi nike so."

Ranar wata Talata cikin Fabrairu aka sa ta wanke babban firinjin ɗakin girki. Tana kankare ƙanƙarar da ta yi gemu a jikinsa, tana zubawa a bokiti, fara sol, lallausa kamar garin tuwo, sai ta tsaya da wuƙa a hannu. Shaiɗan bai sha wahala da ita ba ranar. Ta ɗauki bokiti ta zagaya baya, ta shimfiɗa abin a dakalin tagar Amos, ta dawo ciki da gudu tana haki.

"Baba! Ta sauka! Ƙasa ta yi fari!"

Ta tura shi a keken guragunsa zuwa bakin taga, ta buɗe, ta ɗebo ta cika masa hannu. Idonsa ya ga fari-fari a inda ya saba ganin duhu. Ya daɗe yana murza abin a tafinsa. Da ya buɗe baki, muryar ba wadda ta sani ba ce.

Ya ce sunansa Nanabosho. Uwarsa mutum ce, ubansa iskar yamma, kakarsa ta rene shi. Yakan zama zomo in ya ga dama, yakan zama kututture. Maƙaryaci ne, ga haɗama, ga wauta, har ya taɓa ƙona mazaunansa da kansa don ya hore su. Amma shi ya bi duniya da ƙafa yana raɗa wa kowace bishiya da kowace dabba suna, shi ya sato wa mutane wuta, shi ya nuna musu saiwar da ke magani. Kuma kakar Amos ba ta taɓa fara labarinsa da wata kalma ba sai wannan: yana cikin tafiya.

Katumi ta ji abin ya sauka mata a ƙirji. Ashe akwai mutanen da babban nasu ma bai iya zama ba, kuma ba su zage shi ba.

Tsoho ya ci gaba. Nanabosho ya tsokano masu iko na ƙarƙashin ruwa, ruwa ya taso ya cinye duniya. Katumi ta ce ai Ɗufana ke nan, ya ce a'a, wannan nasu ne, ta yi shiru ta saurara. Ya rage daga shi sai 'yan dabbobi a kan gungume ɗaya, ba tudu ko na ɗora ƙafa. Ya ce in aka samo masa ƙasa ko 'yar mitsitsiya daga can ƙarƙashi, zai san yadda zai yi. Tsuntsun da ya fi kowa nutso ya tafi, ya taso a galabaice, ba komai. Karen ruwa ya tafi, haka. Mai sassaƙa itace da haƙori ya tafi, haka. Sai wani ɗan ɓeran ruwa, wanda bai kai gafiya ba, ya ce bari shi ma ya gwada. Aka yi masa dariya. Ya ja numfashi, ya nutse. Aka jira. Aka jira.

Amos ya tsaya. Ƙanƙarar ta narke a hannunsa, ruwan na ɗiga a kan bargo. Ya ɗaga tafin zuwa hancinsa, ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Kifi," in ji shi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nata ko awa ɗaya bai yi ba. Shekara nawa firinjin nan yana ajiyar kifin ran Juma'a, ita kuwa ko ta tuna. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ta rufe taga ta mai da shi bakin gado.

Kwana huɗu bai karɓi ko shayi daga hannunta ba. Chundung ta tsare ta a ɗakin wanki ta wanke ta tas.

"Mutum ya riƙe abu ɗaya tak na kakarsa shekara hamsin, ke kin zo da bokiti kin sa ya karya. Kina ganin wasa ne? Bai yi barcin kirki ba tun ranar, yana cewa ya ji motsi a ƙasa."

Katumi ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Dabararta ta kullum in abu ya ɓaci ita ce jaka, kuma har ta jawo ta daga ƙarƙashin gado. A rana ta biyar ta shiga yi masa sallama, ta durƙusa gaban keken ta ce ya yafe mata. Sai ta ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi.

"Abin da shi ma zai yi ke nan," in ji shi. "Sak. Har da kifin." Sai dariyar ta ɗauke. "Amma kin sa na bar ƙaramin nan a ƙarƙashin ruwa. Ba zan iya fito da shi ba sai ta gaske ta sauka. Ke kika sa shi ciki, ke za ki tsaya a fito da shi. Sunan nan kuma kar na ji shi a bakinki."

Ta mayar da jaka ƙarƙashin gado.

Kada wani ya ɗauka zama ya zo mata da sauƙi. Bazara ta zo, tafin ƙafarta kamar ta taka tururuwa. Ta sauya ɗaki sau biyu don dai ta ji ta motsa. Ran hutunta takan hau bas tun daga farkon layi har ƙarshe, ta sauka, ta hau mai dawowa. Amma ko'ina ta je abin na biye da ita. Tana cikin goge ƙasa sai ta tarar ta riƙe numfashi, ba ta san lokacin da ta fara ba. Ɗan ɓeran da ba ta taɓa gani ba, na wata ƙasa da ba za ta taɓa zuwa ba, yana can ƙasa da kumatu a kumbure saboda ita.

Sanyin shekara ta biyu ya zo da iska mai tuge bishiyoyi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma fari ko na magani. Ta riƙa tsayawa gaban talabijin ɗin tsofaffi tana zagin mai hasashen yanayi da Hausa. Gariba ya rubuto cewa in wani ne ya riƙe ta a Landan ta faɗa masa gaskiya, a zo a ɗaura aure. Me za ta ce masa? Ɓera?

A Disambar 1990 ta zo aiki da safe ta tarar da gadon Amos a gyare, ba kowa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji Chundung. Bayan mako uku aka dawo da shi daga asibiti, hannun dama a mace, baki a karkace. Turancin da ya yi shekara sittin yana yi ya tafi gaba ɗaya, kamar an share allo. In ya yi magana wasu kalmomi ne ke fita dogaye masu taushi, waɗanda ba mai ganewa a gidan. Likita ya ce yakan faru, harshen farko ne ke saura.

Katumi ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta. Ba tausayinsa kaɗai ba, har da haushi: shekara biyu ta tsaya wuri ɗaya kamar turke, ga abin da ta samu. Ta ba da notis na barin aiki. Ta yi booking ɗin motar Hamburg, ranar Juma'a takwas ga Fabrairu, daga tashar Victoria.

Tun ranar Alhamis dusar ƙanƙara ta fara sauka. Safiyar Juma'a Katumi ta ɗaga labule a ɗakinta na Whitechapel ta ga babu titi, babu motoci, sai tudu-tudu farare, gari ya yi tsit kamar an toshe masa baki. Ta tsaya da jaka a hannu a tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, tana jin ana shelar an yi cancel ɗin wannan, an yi cancel ɗin wancan. Jirgin da zai kai ta wajen Victoria yana nan yana aiki. Ta dube shi ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tafi. Ta gangara ɗaya layin ta shiga mai zuwa New Cross.

Daga can babu bas. Ta aza jaka a ka kamar a Kumasi, ta kama hanya da takalmin da bai san wannan aiki ba, tana nutsewa har ƙwauri. Ta faɗi sau biyu. Turawa masu jan 'ya'yansu a kan faranti bisa dusar suna tsayawa kallonta. Wajen azahar ta tura ƙofar gidan, zaninta ya daskare ya yi ƙarau.

"Ke! Ba kin tafi ba?" in ji Chundung.

"Ƙanƙara ta zo. Ina Baba?"

"Katumi, ba ya gane kowa fa. Ko kin faɗa masa ba zai ji ba."

Ba ta tsaya amsa ba. Ta tura kekensa bakin taga, ta ture tukunyar furen da ke kan dakali gefe, ta buɗe. Sanyi ya shigo. Ta ɗebo cike da hannu ta zuba masa a hannun hagu, ba ta ce komai ba, don bakinta ya riga ya yi ƙarya sau ɗaya a wurin nan.

Tsoho ya ɗaga hannun a hankali ya kai hanci. Ya shinshina. Ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya lasa, ya gyara zama, ya fara.

Da yarensa ya yi, tun daga farko. Kalma ɗaya tak ta gane a ciki, sunan nan da ta riƙe a bakinta shekara biyu ba ta furta ba, yana fitowa yana komawa cikin maganar. Ta zauna a ƙasa gabansa, zani na narkewa a jikinta. Ta gane wurin ƙona mazaunai, don ya yi dariya da rabin bakinsa. Ta gane ruwan, don ya ɗaga hannu har wuya. Ta ƙirga masu nutso da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Da ya zo kan na huɗu ya ƙanƙance murya, ya ja numfashi, ya riƙe. Ita ma ta riƙe. Chundung na tsaye bakin ƙofa da tire a hannu, ta kasa shiga ta kasa fita.

Ya saki numfashin. Hannunsa ya yi lalube a dakali har ya samu tukunyar furen, ya tura yatsu ciki, ya dunƙule, ya miƙo mata dunƙulen ya sake shi a cinyarta kamar abin da ruwa ya turo. Ta gane abin da yake so. Ta shiga buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna da tauri, har ta kai tsakiya. 'Yar ƙasa ce baƙa, ba ta cika cokalin shayi ba. Ya juye ta a tafinta, ya sunkuyo ya hura, ya sake hurawa, sannan ya buɗe hannunsa mai lafiya ya kai shi nesa, nesa, iyakar inda zai iya.

"Ya kawo," in ji Katumi, hawaye na zuba. "Chundung, ya kawo!" Sai ta kama gwiwar tsoho. "Baba, shi fa? Ƙaramin, ya rayu?"

Ta tambaya da Turanci, ta tambaya da Hausa. Ya amsa mata, amsa mai tsawo, a natse, yana shafa kanta. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba.

Amos ya rasu cikin Maris, bayan ƙasa ta buɗe. Mutum biyar ne a wajen binne shi, biyu daga ciki da Hausa suke magana. Katumi ba ta je Hamburg ba. Ta janye notis ɗinta, ta kama ɗaki a Lewisham, ta yi aiki a gidan nan har aka rufe shi a ƙarshen shekarun casa'in. Jakar ta koma ma'ajiyar doya. Ƙaiƙayin ƙafa bai bar ta ba, har ta tsufa tana hawa bas ba gaira ba dalili, sai dai kullum takan dawo. 'Yar ƙasar nan kuwa ta ƙulle ta a bakin ɗankwalin da ta taɓa ɗaure Gizo da shi, ba ta sake wanke shi ba.

'Ya'yan matan Zango sun san Anti Katumi na da wani labari da ba ta bayarwa ko an yi mata magiya, sai shekarar da Landan ta yi fari, kuma ba kowace shekara take yi ba. In ta sauka sukan cika mata ɗaki. Takan fara da "yana cikin tafiya," ta kai su har inda aka buɗe ɗan hannun aka ga ƙasa. Kullum sai an samu mai tambaya, da Turanci, ko ɓeran ya rayu. An sha gaya mata amsar na nan a library, mintuna goma daga ƙofarta.

"An faɗa mini," takan ce, tana murza ƙullin ɗankwali. "Ni ce ban ji ba. Da yaren kakarshi ya faɗa."